Kananzir, fetur ko ruwan zafi: da me za a wanke giris ɗin sabuwar bindiga a Legas?

Ranar wata Asabar, tun ban karya kumallo ba, wani aminina mai sana'ar canji a Idi-Araba ya kira ni. "Malam, don Allah in kana da sarari ka leƙo. Na buɗe kwalin nan, abin duk ya daskare kamar an zuba masa narkakkiyar alewa." Ƙaramar raifil ce ta farauta, mai cin harsashin .22, wadda ya saya da lasisinsa shekarun baya, ya kulle ta a akwatin ƙarfe bai ko kwance takardar da aka naɗe ta da ita ba. Sai yanzu da abokai suka matsa masa a fita dajin Epe ya tuna da ita. Daga Agege na ci awa ɗaya da rabi a hanya. Na iske shi a tsakar gida ya shimfiɗa buhu, galan ɗin fetur na janareta a gefensa, yaronsa riƙe da tsohon buroshin haƙori. Taku huɗu daga wurin, matar maƙwabcinsa tana fama da risho. Ban gama amsa gaisuwa ba na ɗauke galan ɗin na fitar da shi ƙofar gida.

Da mai lasisi nake magana. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ƙashin kai, wato bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da raifil ta farauta, da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai harba-ka-ruga da ake ɗurawa ta baki, wadda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. A 2023 ma rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Sannan wanki daban, gyara daban. In abu ya karye ko ya ƙi zama, wurin mai gyara mai izini ake kaiwa, doka ba ta yarda kowa ya zama maƙerin bindiga a ɗakinsa ba.

Abin da ya ruɗa aminina giris ne na ajiya. Masana'anta ba ta san wata nawa kayanta za su yi a sito ba, ko mako nawa za su kwana cikin kwantena a kan teku kafin su sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, don haka take lulluɓe ƙarfen da abu mai kauri da zai raba shi da iska da danshi. Wanda ya fi suna shi ne Cosmoline, wanda kamfanin Houghton na Amurka ya fara yi tun ƙarni na 19. Daga ɗanyen mai ake samunsa, ɗan'uwan basilin ne mai kaki a jiki. Sojoji sun yi ta dulmiya makamai a cikinsa lokacin yaƙin duniya na biyu, Rashawa ma suna da irin nasu, shi ya sa ake buɗe akwatin tsofaffin bindigogin soja irin su Mosin-Nagant da SKS da suka yi shekaru da dama a ajiye a tarar da ƙarfen lafiya lau. Yana sabo yana da laushi, launin zuma. In ya daɗe yana shan iska sai ya bushe ya yi tauri kamar ƙaro. Yana narkewa tsakanin digiri 45 zuwa 52 a ma'aunin Selshiyos, kuma wannan adadi zai yi mana amfani a gaba.

Wasu kan ce ai mai ne, a bar shi, zai ma taimaka. An yi shi ne don ya zauna wuri ɗaya ya manne, bai san aikin sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe ba. Wanda ke jikin waje ƙazanta ce kawai, ya ɓata riga ya kama ƙura. Wuri uku ne yake zama haɗari. In ya taru cikin bututu, harsashi ya taho da gudu ya tura shi gaba, ba shi da inda zai kauce, matsi ya hau, bututun ya kumbura ko ya tsage. A gurbin harsashi kuma, lokacin harbi kwanson harsashin yana buɗewa ya kama bangon gurbin na ƙiftawar ido. In bangon yana da santsi, ƙarfin sai ya koma baya kan sakata, wato ƙarfen da ke rufe gurbin ta baya, fiye da yadda aka tsara. Na ukun shi ne ramin allura, siririyar hanyar da allurar da ke dukan gindin harsashi ke bi tare da sifirin ɗinta. In giris ya daskare can, sai ta yi nauyi ta daki harsashi da sanyin jiki. Na taɓa gani a wani daji bayan Epe: wani saurayi ya saita gyazbi, ya ja kunama, sai "ƙas", shiru. Ya fara juyo da bakin bindigar wajenmu zai duba. Wani tsohon soja da ke tare da mu ya daka masa tsawa: "Kai yaro, baki ƙasa! Ƙirga talatin kafin ka buɗe!" Da aka fitar da harsashin, ɗan tabo ne kawai a gindinsa, kamar an danna da farce. A bindigogi masu ɗura kansu irin SKS abin ya fi muni, don allurar kan maƙale a gaba, bindiga ta tashi da kanta da zarar sakata ta rufe.

Wannan duk a ko'ina haka yake. Abin da ya ware Legas shi ne abin da ke biyo bayan wankin. A Kano ko Sakkwato da rani, ka wanke ƙarfe ka bar shi tsirara kwana biyu, da wuya ka ga wani abu. Nan iska a jiƙe take kusan duk shekara, da safe danshinta kan haura kashi 80 cikin 100, ga gishirin teku ga mutanen Obalende, Ajah da Badagry. Ni ma na ɗanɗana. Farkon zamana a nan, cikin watan Yuni da ruwa ya fi zuba, na wanke tawa mai baki ɗaya tas bayan La'asar. Aka kira Magariba, daga masallaci aka ja ni ta'aziyya, na ce gobe na shafa mai. Da safe na tarar da hoton babban yatsana ja wur a gefen ƙarfen, har zanen fata ana gani. Tabon yana nan har gobe. Tun daga ranar, duk abin wankin da aka kawo min, tambayar da nake yi ita ce: in ya gama cire giris, a wane hali zai bar min ƙarfen, kuma minti nawa zai ba ni kafin tsatsa ta iso? A kan wannan ma'auni kananzir nake zaɓa, in haɗa masa da zafin rana don ƙota, wato katakon jikin bindigar. Sauran kowanne yana da ɗan gurbinsa, in ban da fetur.

Kafin ka sayi komai, ka fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya, ka buɗe bindigar ka leƙa gurbin da idonka, ko da yanzu ta fito daga kwali. Sannan ka shafa yatsa. In siririn mai ne da ke barin yatsa yana ƙyalli, kamar yadda yawancin bindigogin yanzu ke zuwa, tsumma da man bindiga sun ishe ka, kada ka wahalar da kanka da sauran bayanin nan. In ya kama yatsa kamar basilin, sai an jiƙa. In kuwa farce ne kawai ke kankare shi, sai an haɗa da zafi. Kwancewa kuma ta tsaya inda littafin da ya zo a kwali ya tsaya: cire sakata, raba ƙarfe da ƙota. Gidan kunama a bar shi a haɗe. Ƙananan sifirin ɗin cikinsa, in ɗaya ya yi tsalle a tsakar gidan haya, sai dai a ba ka haƙuri.

Fetur ne hannu ke fara kaiwa, don kowane gida da galan saboda janareta, kuma mun saba ganin makanikai suna wanke komai da shi. Yana aiki, ban musa ba, cikin minti biyu giris ya zama ruwa. Amma tururinsa yana kama wuta tun a digiri 40 ƙasa da sifili, wato babu sa'ar da ba a shirye yake ba. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa ya je ya sami rishon maƙwabciya ko garwashin mai tsire. A gidan da ɗakuna ke kallon juna, iyali goma suna girki a baranda ɗaya, da ran wasu kake caca. Ga sinadarin benzin da ke cikinsa, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, yana shiga ta numfashi da ta fata. Bayan duk wannan kasada kuma, yana bushewa nan take ya bar ƙarfe ƙayau, babu ko ɗigon maiƙo. Da shi na yi wankin da ya bar min hoton yatsa.

Kananzir ɗan'uwansa ne mai sanyin hali. Sai ya kai wajen digiri 38 ko fiye kafin tururinsa ya kama wuta, don haka a inuwa, nesa da murhu, hankalinka a kwance yake. Ba ya saurin tashi, yana da lokacin ratsa giris ya tausasa shi har cikin lungu. Ba ya cin baƙin rinin da aka yi wa ƙarfen bindiga. Abin da ya fi min komai, in ka tsamo ƙarfe daga cikinsa yana barin ɗan maiƙo da zai riƙe maka shi na 'yan sa'o'i, ko an kira salla kana tsakiyar aiki ba ka yi asara ba. Aibinsa a bayyane yake. Tun da aka janye masa tallafi ya fi fetur tsada, ko da yake lita ɗaya ta isa bindiga guda har da saura. Warinsa yana daɗewa, uwargida za ta yi magana. Sai matsalar gauraye: an sha jin fitila da risho sun fashe a ƙasar nan saboda kananzir ɗin da aka cakuɗa da fetur, kuma wanda aka cakuɗa ya rasa duk falalar da na lissafa. Araha ba ta ado. Ka saya a gidan mai, ka bar na kwalba a bakin titi. In kana shakka, shinshina, sannan ka ɗiga a farar takarda: na gaskiya yana barin tabon mai ya daɗe, mai fetur gefensa na saurin bushewa, warin ma ba ya ɓuya.

Ga yadda muka yi ranar a Idi-Araba. Muka sami tsohon kwanon silba mai zurfi, muka kwantar da sakata da ƙananan ƙarafa, muka zuba kananzir har ya rufe su, muka bar su kusan awa ɗaya muna shan shayi. Da muka dawo ruwan ya koma kalar shayin da ke hannunmu. Buroshin haƙori ya yi fili, tsinken sakace ya yi lungu, musamman ƙarƙashin ɗan ƙugiyan da ke fizgo kwanso. Sakatar muka riƙe ta baki ƙasa muna ɗiga kananzir ta baya har abin da ke fitowa ta ramin allura ya daina launi. Bututu kuwa, muka yayyanka tsohuwar farar singileti ƙanana, muka jiƙa ɗaya muka tura da sandar wanki daga wajen gurbin harsashi zuwa baki. Ba a farawa ta baki in da hali, domin gefen bakin nan shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sanda ta goge shi saiti ya tafi. Ƙyalle na farko ya fito da dunƙulen abu kamar tsohon man shanu, na biyar ruwan ƙasa, wajen na goma sha biyu ya fito fari. Har da ɗan baƙi-baƙi a ciki, wanda ya tayar wa aminina hankali: "Malam, anya ba tsohuwa aka sayar min ba?" Na ce masa Alhaji kwantar da hankalinka, masana'antu da yawa sai sun gwada harbi kafin su rufe kwali. Safar hannu ta roba muka sa, irin shuɗiyar nan ta nitiril, don farar ta asibiti kananzir na kumbura ta.

Man gas, wato dizal, yana yin kusan aikin kananzir, ya ma fi shi wuyar kama wuta, sai ya haura digiri 50. Amma ya fi nawa, maiƙonsa ya fi nauyi, warinsa kuma ya fi naci, naman daji kuwa da hanci yake tsira. In shi kaɗai ke hannunka, jiƙa da shi, amma ka san sai ka ninka gogewa.

Tina tana bukatar a tsaya a kanta, don suna ɗaya ne a kan abu biyu. Akwai farar da masu fentin gida ke sirka fentin mai da ita. Wannan ita ce maharban Turai da Amurka suka fi amfani da ita a kan irin wannan giris: ƙarfinta kusan na kananzir, ta fi shi tsabta, warinta ya fi saurin tafiya. In ka same ta a gwangwaninta na asali mai rubutu, a shagon fenti ko kasuwar sinadarai ta Ojota, ta cancanci kuɗinta, sai dai ta fi kananzir barin ƙarfe a bushe. Akwai kuma ta masu fentin mota, mai hawa kai, cike da asiton da makamantansa. Ita tana narkar da banishin ƙota, ta ci roba, ta ɗaye fenti, kuma wajen kama wuta ba ta da maraba da fetur. Matsalar ita ce a Legas sau da yawa duka biyun a tsohuwar gorar ruwa ake ɗura su, babu rubutu, yaron shago ma "tina ce" kawai zai ce maka. Kwalbar da ba ta da suna ba ta taɓa bindigata.

Gwangwanin feshin wanke birki da ake samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo shi ne gwanin lungu. Da ɗan siririn tsinkensa yana kora datti daga ramin allura da gidan kunama ba tare da an kwance su ba, ya bushe cikin daƙiƙoƙi bai bar komai ba. Don haka nake ajiye gwangwani ɗaya, in yi ɗauraya ta ƙarshe da shi a waɗannan wurare biyu kawai, bayan kananzir ya yi babban aikin. Wanke bindiga guda da shi asarar kuɗi ce, gwangwani biyu ba za su ishi giris mai kauri ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da ba a lura da ita sai a gari mai danshi: saurin bushewarsa yana sanyaya ƙarfe, sai ka ga ƙarfen ya yi gumi kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji. Ruwa ke nan a kan ƙarfen da ba shi da kariya ko kaɗan. Mai ya biyo baya cikin minti biyar. A duba rubutun gwangwanin kuma: mai sinadarin kulorin in ya haɗu da wuta ko walda yana fitar da fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a yaƙin duniya na ɗaya, marar kulorin kuma yana kama wuta. Duka biyun a waje ake fesa su, nesa da ƙota da roba da gilashin madubin saiti. Na wanke kafireto ya fi su zafi, a bar wa makanikai.

Yanzu mu koma kan digiri 45 zuwa 52. Tunda giris ɗin yana narkewa a nan, tafasasshen ruwa mai digiri 100 yana zubar da shi ba tare da wani sinadari ba. Ka ɗaura ƙarfen da waya, ka tsoma a tukunya ko ka kwarara masa ruwa daga buta, giris ya taso sama ya yi yawo kamar mai a kan miya. Zafin bai kai ya lalata sifirin ko rini ba. Hasali ma da tafasa ake yin wani nau'in rinin bindiga. In ka tsamo shi da zafinsa, fili yana bushewa da kansa. Ga giris ɗin da ya yi shekaru ya zama ƙaro, babu abin da ya kai shi sauri da araha. Amma a Legas ina sa masa sharaɗi. Ruwa yana maƙalewa a ramin kusa, cikin naɗin sifirin, da duk inda ƙarafa biyu suka haɗu, kuma ruwan burtsatsen unguwanni da dama, musamman na kusa da teku, yana da gishiri ko ƙarfe a ciki. Don haka ƙananan ƙarafa guda-guda kawai nake tafasawa, da ruwa mai kyau, in kaɗe su, in busa da na'urar busar da gashi in akwai wuta, in jefa su cikin kananzir tun da ɗuminsu. Tukunyar kuwa ta gama aikin girki ke nan. Harshen wuta kai tsaye, na risho ko na gas, ba ya cikin lissafi ko kaɗan: yana kashe ƙarfin sifirin ya ɓata rini.

Ƙota ta katako ita ce ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwa na kumbura ta, tina na cin fuskarta, kananzir na shiga cikinta ya zauna. Nan ne ranar Legas ke da rana. Ka goge abin da zai gogu, ka naɗe ta da tsohuwar jarida, ka sa a baƙar leda, ka ɗora a rufin kwano ko gaban gilashin mota. A watan Fabrairu da Maris iska na kaiwa digiri 32 ko 33, cikin ledar kuwa yana wuce inda giris ke narkewa. Bayan awa ɗaya ka buɗe, za ka ga katakon ya yi zufar mai, jaridar ta jiƙe. Goge, canza jarida, mayar. Yakan ɗauki kwana biyu ko uku, da damina ma fiye. Ƙota kaɗai ake yi wa haka, bayan an raba ta da ƙarfe, kuma kada a bar ta a mota a bakin titi inda kowa zai ga siffarta. In ta roba ce, ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke sun wadatar.

WD-40 kowa ya san shi, wasu ma sun ɗauke shi maganin komai. A San Diego aka haɗa shi a 1953, don kare jikin roka daga tsatsa, kuma haruffan sunan suna nufin korar ruwa ne. Aikinsa ke nan a wurina: bayan tafasa, a fesa ya kori ruwan da ya ɓuya. Yana tausasa giris marar kauri, amma gwangwani zai ƙare kafin mai kauri ya motsa, kuma bai isa ya zama man da za a bar bindiga da shi wata da watanni a wannan gari ba. Mayukan da aka yi don bindiga kuwa, irin su Hoppe's No. 9 na Amurka da ke kasuwa tun 1903, da Ballistol na Jamus tun 1904, da Break-Free CLP da sojan Amurka suka ɗauka, su ne na ƙarshen aiki. Tsada gare su, a nan sai an nema ko an yi saƙo, kuma zuba su a kan tulin giris kamar wanke tsakar gida ne da turare. A adana su don shafawa. In babu su, sabon man giyar mota ja ɗin nan ko sabon man inji mai sirantaka zai riƙe. Man keken ɗinki yana santsi amma kariyarsa gajeriya ce, sai ana sabuntawa. Baƙin man da aka juye daga inji, man gyaɗa da manja duk a'a: na farkon cike yake da datti, biyun ƙarshe suna daskarewa su yi danƙo.

Shafawar ma da ƙa'ida. Jikin waje a shafe shi duka da ƙyalle mai ɗan mai, daga nan kada a ƙara taɓa ƙarfen da hannu tsirara. Sakata ɗigo biyu ko uku a inda take gogayya. Ramin allura kusan a bushe. Cikin bututu a bi da ƙyalle mai mai don ajiya, amma ranar fita a bi da busasshe sau biyu, a goge gurbin harsashi ƙayau, a ɗaga bututun a hangi haske ta ciki kafin a ɗura komai.

Abubuwan kicin a bar su a kicin. Lemon tsami da binega suna ɗaye baƙin rini cikin mintuna, don rinin kansa wani nau'in tsatsa ne da aka horar. Sodar yin sabulu tana cin alminiyum, wanda da shi ake yin gidan wasu bindigogin zamani. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana barin zane. Mai bindigar iska irin mai sifirin kuma ya kiyaye: kada kananzir ko wani man fetur ya shiga inda ake matse iska, domin matsin na kunna shi kamar injin dizal, ya ƙone robar ciki ya karya sifirin. Ita ƙyalle a zare da ɗan mai kaɗan a bututu ya ishe ta.

Kananzir ɗin da muka yi aiki da shi ba mu zuba a kwata ba. Muka juye a gora muka rubuta a jiki, muka ɗora inda yara ba za su kai ba. Kwana biyu dattin ya kwanta ƙasa, na saman ya yi wankin sarƙar babur. Kafin a kira La'asar mun gama ƙarfen, mun shafe shi, mun mayar akwatin ƙarfe tare da 'yan ƙullin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Jakar soso da ya saya mai kyau na ce ta tafiya ce kawai, in aka ajiye bindiga a cikinta danshi take riƙewa.

Ranar Talata ya turo min hoton jarida ta huɗu, har yanzu da tabon mai a daidai inda ƙarfe ke kwanciya a ƙotar. "Malam, wai ba ya ƙarewa ne?" Na ce ya mayar da ita rana. Na kuma ce ranar Epe ya sa tsumma a aljihu, don rana ta daki ƙarfen, bututu ya ɗau ɗumi, sai ya ga wani ya sake tsattsafowa ta gefen kusoshi.